Transformers: tallar da muke biyan kuɗi mu kalla

Akwai wani wuri a fim ɗin Transformers na 2007 da ya ishi mutum ya gane inda wannan jerin fina-finai ya dosa. Sam, matashin da labarin ke bi, ya je da mahaifinsa wurin dillalin tsofaffin motoci, aka yi ta ja-in-ja a kan farashi, a ƙarshe suka tashi da wata akwalar Chevrolet Camaro ruwan ɗorawa, ƙirar shekarun 1970, a kan dala 4,000. Fenti ya koɗe, salansa na aman hayaƙi, rediyo na kunna kansa. Daga baya ta bayyana cewa motar nan Bumblebee ne, ɗaya daga cikin ƙattin ƙarfen da suka zo daga duniyar Cybertron. Suna cikin tafiya sai yarinyar da Sam ke so ta tambaya: in dai da gaske wannan halitta ta fi mu ci gaba, me ya sa take komawa wannan tarkacen? Nan take motar ta ja birki a tsakiyar wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, ta sauke su, ta yi gaba cikin fushi. Jim kaɗan ta dawo sabuwa fil tana sheƙi, kyamara na bin ta tun daga fitila har taya, kiɗa na tashi. Wannan sabuwar Camaro ba ta ma shiga kasuwa ba a lokacin, sai a 2009 kamfanin General Motors ya fara sayar da ita. Wato mai kallo ya biya kuɗin tikiti, ya zauna cikin duhu, aka tallata masa hajar da za a kawo bayan shekara biyu, kuma ya tafa.

Waɗanda suka san katun ɗin shekarun 1980 sun san cewa asalin Bumblebee Volkswagen Beetle ne, 'yar ƙaramar motar nan mai doro da injinta ke baya. A filin dillalin ma an ajiye irinta a gefen Camaro, sai Camaron ta buɗe ƙofa ta maka mata. Sauran jaruman kuwa, in ka cire shugabansu Optimus Prime da yake kan tirela ƙirar Peterbilt, duk daga gidan General Motors suka fito: Jazz ya zama Pontiac Solstice, Ratchet ya zama Hummer H2, Ironhide ya zama GMC Topkick. Motar 'yan sandan da ke ɓangaren miyagu fa? Mustang ce, ta kamfanin Ford, babban abokin hamayyar General Motors. Ruwa ba ya tsami banza.

Ra'ayina a kan waɗannan fina-finai shi ne, wanda ya fi kowa iya rikiɗa a cikinsu ba Optimus ba ne, ba kuma Megatron shugaban miyagun ba, fim ɗin ne da kansa. Duk wanda ya zo da kuɗi ko kayan aiki, sai labarin ya lanƙwasa ya ɗauki siffar da yake so. Kuma ba lalacewa ya yi daga baya ba, haka aka haife shi.

A farkon shekarun 1980 kamfanin Takara na Japan yana ƙera kayan wasan yara masu suna Diaclone da Micro Change: motoci, jirage, bindiga, kaset, waɗanda in yaro ya murɗa su sai su koma mutum-mutumi. Kamfanin Hasbro na Amurka ya gani ya yaba, ya sayi izinin sayar da su, ya haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya a 1984. Sai dai roba ba ta da labari, yaro kuma ba ya yi wa uwarsa kuka a kan abin da bai san sunansa ba. Don haka aka ɗauko marubutan kamfanin Marvel aka ce su ƙirƙiro tarihi. Su suka raba kayan gida biyu, Autobots masu kirki da Decepticons miyagu, suka ba kowa suna da hali. Wani marubuci Bob Budiansky shi ya raɗa wa da yawansu suna, har da Megatron. A daidai wannan lokaci gwamnatin Ronald Reagan ta sassauta dokokin da suka taƙaita talla a shirye-shiryen talabijin na yara, sai ƙofa ta buɗe wa masu kayan wasa su shirya katun na rabin awa wanda daga farkonsa har ƙarshensa hajarsu ce ke magana. Katun ɗin Transformers ya fara fita a watan Satumba na 1984. Kaya ne suka riga labari zuwa duniya, labarin dako aka ɗauke shi ya yi musu.

Abin da ya faru a 1986 ya fi komai fito da wannan fili. A fim ɗin katun da aka kai sinima a shekarar, tun kafin a yi nisa aka karkashe tsofaffin jaruman ɗaya bayan ɗaya, har da Optimus Prime, wanda ya mutu a kwance jikinsa ya koma toka-toka. Dalili? Kayan wasan 1984 sun tsufa a kanti, ana so a share wuri a jera sababbi. Yara suka fita daga sinima suna kuka, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, dole a 1987 aka dawo da shi da rai. Kamfanin ya ɗauka tsohuwar haja yake kwashewa, ashe yaran uba suka ɗauke shi.

A nan ne dole in yi wa fim ɗin adalci, domin wannan kukan na gaske ne. Peter Cullen, wanda ke yi wa Optimus murya tun 1984 kuma aka dawo da shi a 2007, ya sha faɗin cewa muryar yayansa ya kwaikwaya, wani sojan Amurka da ya yi yaƙin Vietnam, wanda ya shawarce shi da cewa in zai fito a matsayin gwarzo to ya bar hargowa, ya zama mai ƙarfin da zai iya tausasawa. Duk wanda ya ji muryar nan ya san ta shiga jiki. Haka ma aikin kwamfuta da kamfanin Industrial Light & Magic ya yi a 2007 ba abin rainawa ba ne. Optimus kaɗai an gina shi da ɓangarori sama da 10,000, kowanne na motsi, kuma har yau in ka kalli yadda tirelar nan ke warwarewa a lungu ta miƙe tsaye, za ka ji nauyin ƙarfen. Masu cewa ai kowane fim da kuɗin wani ake yin sa su ma ba su yi ƙarya ba. Fim ɗin da ya ci kusan dala miliyan 150 ba a aljihun darakta za a samo kuɗinsa ba, kuma ko a Kannywood an san darajar mai ɗaukar nauyi. Ba a kuɗin gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce me mai kuɗin ya karɓa a madadin kuɗinsa, kuma shin mai kallo ya sani?

Mu duba na biyu a layin masu zuba jari, wato ma'aikatar tsaron Amurka, Pentagon. Fim ɗin 2007 bai buɗe da Sam ba, ya buɗe ne da sansanin sojin Amurka a Qatar. Wani jirgi mai saukar ungulu da aka ce an harbo shi tun da daɗewa ya sauka ba izini, sojoji suka kewaye shi, farfelarsa ta tsaya cak, ta naɗe, jirgin ya tashi tsaye ya ragargaza sansanin. 'Yan tsirarun da suka tsira suka bi wani yaro Balarabe zuwa ƙauyensu, wata kunamar ƙarfe na bin su ta ƙarƙashin yashi. Da suka samu waya suka kira ɗauki, sai ga jiragen yaƙi ƙirar A-10 da AC-130 suna ruwan wuta a bakin ƙauyen har kunamar ta gudu ta bar jelarta. Jiragen nan na gaske ne, yawancin sojojin da ke bayan 'yan wasa ma na gaske ne, kuma a jihar New Mexico aka ɗauki wuraren, a sansanin Holloman da filin gwajin makamai na White Sands. Jirgin F-22, wanda a lokacin shi ne sabon abin alfaharin sojin saman Amurka, shi ma ya fito.

Pentagon na da ofishi na musamman mai hulɗa da masu fim, wanda wani jami'i Phil Strub ya daɗe yana riƙe da shi. Tsarin a bayyane yake, ba sirri ba ne: ka kawo rubutaccen labarinka a karanta, in ya yi musu su ba ka jirage da sansani da sojoji a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, in bai yi musu ba ka gyara ko ka nemi wani wuri. Masu fim ɗin Crimson Tide na 1995, da ya nuna tawaye a cikin jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, an hana su taimako. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A fina-finan Michael Bay, daraktan da ya shirya biyar na farko a wannan jerin, za ka ga ɗan siyasa wawa, za ka ga jami'in leƙen asiri maƙaryaci, za ka ga ma'aikacin gwamnati mai taurin kai da ake jefowa daga jirgi da lema don a huta da shi, amma sojan da ke fagen daga kullum tsarkakakke ne.

Ka tuna kuma shekarar da ake magana. A 2007 Amurka ta ƙara dubban sojoji a Iraƙi, gawarwaki na komawa gida, jama'a sun gaji da yaƙin. A wannan shekarar aka nuna wa matasan duniya soja Ba'amurke a hamadar Larabawa yana kare yaro Balarabe daga dodo, aka nuna luguden wuta daga sama wanda yake samun mugu kaɗai. Qatar ɗin ma da aka nuna, ta ginin ƙasa ce da awaki, babu ko inuwar dogayen benayen Doha. Mu da muka ji abin da ya faru a Tudun Biri a Disamban 2023, inda jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu Maulidi, mun san bam ba ya tambayar suna kafin ya sauka. Yaron da ya taso yana kallon irin wancan yaƙi mai tsafta a wayarsa, wani abu ake koya masa ba tare da an ce masa darasi ba ne.

Fim na biyu, na 2009, ya kai faɗan har kan dalolin Fir'auna na Giza da tsohon birnin Petra na Jodan, wani ƙaton dodo ya hau saman dalar yana farfasa duwatsun da suka shekara sama da 4,000. An rubuta shi cikin gaggawa saboda yajin aikin marubutan Hollywood, an yi ta sukar sa saboda wasu tagwayen mutum-mutumi da aka yi su a siffar izgili ga baƙaƙen fatar Amurka, ɗaya har da haƙorin gwal, suna cewa ba su cika karatu ba. Duk da haka ya tara sama da dala miliyan 830. Abin dariya, makonni kaɗan kafin fitowarsa General Motors ya durƙushe ya bayyana fatara, gwamnati ta cece shi, kuma ba a daɗe ba aka rufe Pontiac da Hummer. Talla ta yi kasuwa, mai hajar na kwance a asibiti.

Sai na uku a layi, ƙasar Sin. Fim na huɗu, Age of Extinction na 2014, an yi shi da haɗin gwiwar kamfanonin Sin, aka saka tauraruwarsu Li Bingbing, aka kwashe kashi na ƙarshe na labarin aka kai can. A cikinsa wani mutumin Texas ya gwada cire kuɗi da katin China Construction Bank a tsakiyar karkarar Amurka. Wani attajiri da ake farauta ya tsaya a saman bene ya zuƙi madarar kwali ta wani kamfanin Sin, sunan na fuskantar kyamara sosai. Jarumin fim ɗin ya faɗo da jirgin baƙin halittu a kan motar giya, ya ɗauki kwalba ya buɗe ya kurɓa. Waɗannan duk ana iya dariya a wuce. Wanda ba na dariya ba shi ne lokacin da dodanni suka afka wa Hong Kong: jami'an birnin suka ce a nemi taimakon gwamnatin tsakiya, sai aka nuno babban jami'in tsaro a Beijing cikin natsuwa yana alkawarin cewa za a kare Hong Kong ko ta halin ƙaƙa. A fim ɗaya, hukumar leƙen asirin Amurka ce ke haɗa baki da mugu tana kashe jarumai, gwamnatin Sin kuwa ko tabo babu. Bayan wata uku da fitowarsa, dubban matasan Hong Kong suka mamaye tituna da lemomi suna zanga-zanga a kan wannan gwamnatin tsakiyar. Fim ɗin ya samu sama da dala miliyan 300 a Sin, fiye da kusan miliyan 245 da ya samu a Amurka, ya kuma zama fim ɗin da ya fi kowanne kuɗi a duniya a shekarar, da dala biliyan 1.1.

Illar wannan ga labarin kansa ita ce ta fi damuna a matsayina na mai kallo. Rikiɗa ba baƙuwarmu ba ce. A tatsuniya, ɓauna kan zama kyakkyawar budurwa ta auri maharbi don ta ji sirrinsa ta rama kisan danginta, kuma duk daɗin labarin yana cikin cewa shi bai san da wa yake kwana ba. Rikiɗa tana da dalili, tana da haɗari. Fim ɗin 2007 ya riƙe wannan: kowace mota a titi abar tuhuma ce, rediyon da ke ƙarƙashin kujerar jirgin shugaban ƙasa ma ɗan leƙen asiri ne. Amma bayan an rushe Chicago a idon duniya a fim na uku, wa ake ɓoye wa? A ƙarshen fim na huɗu Optimus ya kunna wuta a ƙafafunsa ya tashi sama ya bar duniya baki ɗaya. To wanda ke iya wannan, me ya haɗa shi da zama tirela yana bin titi yana jiran danja? Amsar ba ta cikin labarin, tana shagon kayan wasa da wurin dillalin motoci.

Da masu talla suka yi yawa kuma, sai mutane suka rasa wurin tsayawa. A faɗan Chicago ana harbin masu gudu su zama toka, benaye na karyewa da ma'aikata a ciki, kyamara ba ta tsayawa a kan fuska ko ɗaya, tana sauri ta koma kan mota. Matan da ke fina-finan Bay kuwa, yadda ake ɗaukar hoton Camaro haka ake ɗaukar su, daga ƙasa zuwa sama a hankali. Shi kansa Optimus, wanda aka gina a kan tausayi, ya koma mai fille kan abokin gaba da gatari, mai harbe tsohon malaminsa yana roƙon a bar shi. Faɗan ma sau da yawa ba ka gane wa ke dukan wa, ƙarfe ne launin toka ke cakuɗa da ƙarfe launin toka na tsawon awa biyu da rabi. Zuwa 2017, da aka cusa Sarki Arthur da 'yan Nazi a labarin, har aka lulluɓe fadar Blenheim inda aka haifi Winston Churchill, firaministan Birtaniya da ya yaƙi 'yan Nazi, da tutocin Hitler don ɗaukar wani wuri, mutane sun fara gajiya. Kuɗin ya faɗo zuwa kusan dala miliyan 600.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kasuwa ta hukunta su. Amma abin da ya biyo baya bai bar mu masu kallo da bakin magana ba. A 2018 Travis Knight ya shirya Bumblebee, ya mayar da labarin 1987, ya mayar da motar Beetle ɗinta, ya rage dodannin zuwa 'yan kaɗan da kowa ke iya bambancewa. Labarin wata yarinya ce da mahaifinta ya rasu, ta tsinci tsohuwar mota a wurin 'yan gwangwan, ta gyara ta da hannunta. A karon farko mutum yana iya damuwa da abin da zai faru da wani a fim ɗin. Masu sharhi sun yaba, kuɗin da ya samu bai kai dala miliyan 470 ba, ƙasa da na fim ɗin Sarki Arthur da kowa ya zaga.

Transformers One na 2024 ya fi ba ni takaici. Katun ne, babu ɗan'adam ko ɗaya a ciki, babu Camaro, babu F-22, babu madarar kwali. Optimus da Megatron abokai ne, leburori masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda aka gaya musu cewa haka aka halicce su ba su iya rikiɗa. Shugabansu Sentinel, wanda suke yi wa kallon gwarzo, kullum yana ƙara musu awannin aiki da sunan kishin ƙasa. Sai suka gano cewa shi ne ya sa aka cire musu abin rikiɗar tun kafin su buɗe ido, kuma arzikin da suke haƙowa a ɓoye yake miƙa wa baƙin da ya ce ya kora. Ba sai na yi wa mai karatu a wannan yanki namu fashin baƙi ba. Daga nan abokan biyu suka rabu: ɗaya na so a tona asiri a yi shari'a, ɗaya na so a ƙona komai da kowa. Fim ɗin bai yi wa fushin Megatron izgili ba, ya bar ka ka ji cewa yana da hujja kafin ya nuna maka inda hujjar ta kai shi. Shi ma Hasbro ne mai shi, shi ma an ƙera kayan wasansa, amma an bar labarin ya yi numfashi. Wannan ya nuna cewa asalin talla ba ya hana a yi abin kirki in an ga dama.

Kuɗin da ya tara a duniya baki ɗaya kusan dala miliyan 130 ne, wato ko kashi ɗaya cikin takwas na abin da fim ɗin madarar kwali ya samu bai kai ba. Kamfanin Paramount mai fitar da fina-finan ya iya lissafi. A 2025 rahotanni suka fara fitowa daga Hollywood cewa ana shirin sabon Transformers, kuma sunan daraktan da ake ambata shi ne Michael Bay.